Zangon Sama: Tarihin Filin Jirgin Malam Aminu Kano

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage 3 na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Ƙanana ne, samfurin DH.9A, masu fiffike hawa biyu, jikinsu katako da zane, kowanne mutum 2 kacal yake ɗauka. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, Arthur Coningham na jagorantarsu. Da yake babu filin jirgi a lokacin, a filin wasan dawakin Turawa suka dira. Sarkin Kano Usman ne a kan gado. Shekara 22 ke nan da Turawa suka ci birnin, shekara 14 da isowar jirgin ƙasa, don haka cikin waɗanda suka fito kallo akwai dattawan da suka yi fatauci da jaki zuwa Gwanja, suka tarbi ayarin raƙuman Azbinawa a Fagge.

Hanyar da jiragen suka biyo ita ce abin lura: Khartum, El Obeid, El Fasher, Abeche, Fotlami wadda yanzu ake kira Injamena, Maiduguri, sannan Kano. Duk wanda ya taɓa jin labarin hajjin ƙasa daga bakin kakanninsa ya san waɗannan garuruwa. Ita ce hanyar da maniyyata ke bi a ƙafa ko a kan dabba, su yi shekaru suna tafe suna yada zango, su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira a Sudan su tara guzuri, sannan su ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin. Wasu sun dawo da furfura, wasu sun zauna a Sudan har jikokinsu na can yau, wasu kuma ƙasa ta rufe su a hanya. Tafiyar da ke cin mutum shekaru, jiragen nan suka yi ta cikin kwana 6.

Sai da aka ƙara shekara 11 kafin abin ya zama harkar kasuwanci. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe layi daga Khartum zuwa Kano, reshe ne da ya ɓalle daga babban layinsa na Landan zuwa Afirka ta Kudu, kuma kafin shekarar ta ƙare aka miƙa shi zuwa Legas. Wasiƙu ne babban kayansa, sai ɗaiɗaikun jami'an mulki da manyan kamfanonin ciniki. Kafin nan takarda daga Ingila sai ta yi wajen mako 2 a teku, ta sauka Legas, ta hau jirgin ƙasa. Daga wannan shekara ake lissafin fara aikin filin, shi ya sa ake ce masa filin jirgi mafi daɗewa a Nijeriya. Kuma ta arewa jirgin sama ya shigo ƙasar nan, Legas ce ƙarshen layi.

Yaƙin duniya na biyu ne ya girmar da shi. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta a Masar na cikin tsananin buƙatar jiragen yaƙi. Dabarar da aka yi ita ce a loda jiragen a cikin akwatuna, a kawo su ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a haɗa su a can, su taso zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agusta na shekarar. Rukunin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Amurkawa ma suka shigo da nasu. Aka faɗaɗa titin sauka, aka kafa rediyo da ma'aunin yanayi, aka gina rumbunan mai da wuraren kwana. Coningham ɗin da ya fara sauka a Kano shi ne ya zama kwamandan rundunar saman Ingila a hamadar Arewacin Afirka, wato jiragen da ke ratsawa ta Kano hannunsa suke zuwa. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne leburorin da suka share daji, suka fasa dutse, suka yi dakon gangunan mai. Da ƙarfinsu aka yi filin.

Da yaƙi ya ƙare, Kano ta tsinci kanta da abin da kowane kamfanin jirgi ke nema. Jiragen wancan zamani masu farfela ba sa iya tashi daga Turai su kai tsakiya ko kudancin Afirka ba tare da sun sha mai ba. Mai saukowa daga arewa, in ya gama ƙetare Sahara, Kano ce babban gari na farko mai titi mai kyau da mai da makanikai. Mai komawa kuma a nan zai cika tanki kafin ya tunkari rairayi. BOAC ta Ingila na bi ta Tarabulus zuwa Kano da Legas. Sabena ta Beljiyam na tsayawa a kan hanyarta ta zuwa Kwango. KLM ta Holan ta fara zuwa a 1947 a kan hanyar Johannesburg. Aikin da Kano ta yi wa ayarin raƙuma ɗaruruwan shekaru, na zama zangon da ake hutawa a bakin hamada, shi ta koma yi wa jiragen sama. Fasinjoji kan sauko su ci abinci, su sayi jakunkunan fata da sauran aikin dukawa, su koma. A hotunan shekarun 1950 ana ganin wani mutum a kan raƙumi, da rawaninsa, riƙe da kakaki, yana busawa idan jirgi ya doso domin mutane da dabbobi su kauce. Baƙi sun ɗauki hotonsa ba adadi, har ya zama alamar filin a idon duniya.

Sai dai yawancin wannan hada-hada ta masu wucewa ce. Ba don Kano suka zo ba, hanya ce ta biyo da su. Wannan shi ne ƙarfin filin a lokacin, kuma shi ne rauninsa daga baya.

A cikin wannan zamani ne aka yi babban hatsari na farko da ya shiga tarihi. Ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi zuwa Tarabulus hadari na haɗowa. Bai yi nisa ba wata iska mai dannowa ƙasa daga cikin gajimare ta make shi, ya kasa hawa, ya bugi bishiya ya kama da wuta. Mutum 32 cikin 45 suka rasu. Sai a shekarun 1970 masana yanayi suka gane irin wannan iska sosai, aka fara ƙera na'urorin gano ta.

Abin da ya mayar da filin na mutanen gari shi ne aikin hajji. Tun ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano suka ga dama a harkar jigilar maniyyata. Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar alhazan Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA, suna ɗaukar mutane a mota, daga baya suka riƙa yin shatar jirgi. Sunan ya bi shi har ake ce masa Mamuda Wapa, ya kuma bi unguwar da ofishin yake a Fagge, inda kasuwar 'yan canji take a yau. Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, ya riƙa komawa a kai a kai da manyan tawagogi, gwamnati kuma ta shigo cikin tsarin. Zuwa shekarun 1970, da kuɗin mai ya shigo, abin ya zama ambaliya: a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, kuma babban kaso daga cikinsu ta Kano suka tashi. Mutane daga Katsina da Daura da Haɗeja da Gumel da Bauchi, har da na Damagaram da Maraɗi, nan suke taruwa.

Wanda bai ga sansanin alhazai a lokacin jigila ba zai yi wuya ya gane matsayin filin nan a zukatan mutane. Maniyyaci ɗaya, 'yan rakiya mota guda. A shimfiɗa tabarmi, a ɗora tukwane, a kwana a wuni ana sauraron sanarwa, har a ce an kira jirgi. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ta rungumi jikokinta tana neman gafara, ana ce mata, “Inna, a sa mu a addu'a, Allah ya dawo mana da ke lafiya.” Ga manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera, wannan ne hawansa jirgi na farko, watakila kuma na ƙarshe. A ganina wannan ne ya sa sunan da aka raɗa wa filin bayan rasuwar Malam Aminu Kano a 1983 ya dace da shi. Filin jirgi a ko'ina wurin masu hali ne. Wannan kuwa, aƙalla sau ɗaya a shekara, talakawan da Malam ya ƙarar da rayuwarsa a kansu ne ke cika shi.

Akwai ranakun baƙin ciki da bai kamata mai ba da tarihi ya tsallake ba. Ranar 1 ga Oktoba, 1966, sojojin bataliya ta 5 da ke Kano suka yi bore, suka shiga filin jirgin suka kashe 'yan ƙabilar Ibo, cikinsu har da waɗanda suka taru suna jiran jirgin da zai mayar da su gida. Mutane ne da suka zo neman mafita, aka kashe su a bakin ƙofa, kuma wannan ta'asa na cikin abubuwan da suka ingiza ƙasar zuwa yaƙin basasa. Da yaƙin ya ɓarke a 1967, a Kano aka sauke jiragen yaƙi samfurin MiG da Tarayyar Sobiyat ta kawo wa gwamnatin tarayya. Har yau sojan sama na da sansani da makarantar horar da matuƙa a gefen filin.

Sai kuma 22 ga Janairu, 1973. Jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi shatarsa, ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a can, aka juyo da shi Kano, a tsakiyar hunturu. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya sauka daga titi, tankin mai ya fashe, wuta ta tashi. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, sun gama ibada suna ɗauke da tsarabar iyalansu. A wannan rana babu hatsarin jirgin sama da ya taɓa cin rayuka fiye da haka a duniya. Allah ya jiƙansu.

A hankali kuma zamani ya juya wa filin baya. Da farko jirage masu injin jet ba su guje shi ba. Jirgin VC10 na Ingila ma an ƙera shi ne da irin su Kano da Nairobi a zuciya, wato filaye masu zafi da tudu, kuma da layin Nijeriya ya fara aiki a 1964. Amma kowane sabon jirgi da ya fito ya fi na baya dogon numfashi. Da aka kai inda jirgi zai tashi daga Landan ko Amsterdam ya sauka Legas ko Johannesburg kai tsaye, tsayawa a Kano ta zama asarar mai da lokaci. Ɗaya bayan ɗaya kamfanonin suka janye. Wasu abubuwan suka ƙara a kai. Gwamnatin tarayya ta koma Abuja a watan Disamba 1991, jakadu da manyan 'yan kwangila suka bi ta, kamfanonin waje suka mayar da saukarsu ta arewa can. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ke kawo injiniyoyi da masu saye daga waje, suka riƙa rufewa saboda rashin wuta da faɗuwar naira da kwararowar kayan waje. Nigeria Airways, wadda aka kafa a 1958, ta durƙushe aka rufe ta a 2003. Jihohi suka samu nasu filayen, alhazan Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Dutse da Bauchi suka koma tashi daga gida. KLM ce ta fi kowa haƙuri, ta yi shekara 65 tana zuwa, ta tafi a 2012, shekarar da aka kai wa Kano munanan hare-haren 20 ga Janairu.

Kanawa da dama na ganin da gangan aka karya filin domin a ciyar da Legas da Abuja gaba. Ba a rasa gaskiya a ƙorafin, domin izinin sauka ga kamfanin waje a hannun gwamnatin tarayya yake, kuma an daɗe ana barin gine-gine da na'urorin Kano suna lalacewa. Amma ko da an yi adalci ɗari bisa ɗari, zamanin tsayawa shan mai ba zai dawo ba. Abin da ya rage wa filin shi ne mutanensa, kuma su ne suka riƙe shi. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, ya kai ga mallakar manyan jirage Boeing 747 yana jigilar alhazai. Daga baya aka samu IRS ta gidan Isyaku Rabi'u, da Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal, da Azman, da Rano. 'Yan Kano-Jidda, mata da maza masu sarin gwal da abaya da turare, da masu zuwa umara, da masu bin jirgin yawo lokacin hajji, da 'yan Kantin Kwari masu zuwa Dubai da Sin, da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa Masar, su ne fasinjojin da suka hana filin mutuwa. Shi ya sa jiragen waje da ke zuwa yanzu kusan duk gabas suka fuskanta: Saudia, EgyptAir, Ethiopian, da Qatar Airways da ta fara a 2022.

Filin na da titi 2. Babban yana da tsawon mita kusan 3,300, ƙaramin kuma wajen 2,450, dukansu sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ba a banza aka shimfiɗa su haka ba. Jirgi yana son ya fuskanci iska wajen tashi da sauka, iskar Kano kuwa biyu ce: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Kowane lokaci na shekara da irin jarrabawarsa. Da hunturu hazo ne, ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele a Cadi, wadda kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titi, a jinkirta tashi ko a juya jirgi zuwa wani gari. A nan ne na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi ta hanyar rediyo ke da muhimmanci, kuma in ba a gwada ta ana daidaita ta a kan kari, ba a yarda matuƙi ya dogara da ita. Da damina guguwa ce da tsawa. Da bazara kuma zafi, wanda kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, ga Kano na kan tudun da ya kai mita 470 da ɗoriya daga teku, don haka injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ba ya samun abin dogara da wuri, jirgi na buƙatar titi mai tsawo ko a rage masa kaya.

Wannan lissafi ne ya ƙwace ranar 4 ga Mayu, 2002. Ana gyaran babban titi, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC One-Eleven mai zuwa Legas ya bi ƙaramin da tsakar rana cikin zafi. Ya cinye titin bai tashi ba, ya shiga ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura, ya ɗaga da ƙyar, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku, da mutanen unguwa da ke zaune a ɗakunansu ba su sayi tikitin kowa ba. Filin da aka gina a bayan gari, gari ya zo ya kewaye shi: Sabon Gari, Kurna, Rijiyar Lemo, Jaba, har zuwa Fanisau. Kowane fuloti da aka yanka a ƙarƙashin hanyar tashin jirgi, akwai wanda ya sa hannu a takardarsa, kuma har yanzu ba a daina yankawa ba.

Hukumomi da yawa ke aiki a cikinsa, kowa da nasa. FAAN ce mai gine-gine da tituna da tsaro da 'yan kwana-kwana. NAMA ke kula da hasumiya da zirga-zirgar sama. NiMet ke ba matuƙa rahoton yanayi kafin su tashi. NCAA ke sa ido a kan kowa. Ga kwastan, ga jami'an shige da fice, ga NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga kamfanonin lodi da sauke kaya. Inda hannaye suka yi yawa haka, ɓaraka ɗaya ta isa ta jefa bayin Allah cikin masifa. A 2019 sai da gwamnatin tarayya ta sa baki kafin Saudiyya ta saki wata ɗaliba da aka kama, bayan bincike ya nuna wasu ma'aikata a filin ne suka maƙala sunanta a jakar ƙwayoyin da ba tata ba. A ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne, lambar da ake liƙa wa jaka batu ne na rai da mutuwa.

Akwai aiki guda da matafiyi ba ya gani. A tsarin sufurin sama na duniya, sararin samaniyar Nijeriya gaba ɗaya da sunan Kano aka yi masa rajista, kuma cibiyoyi 2 ke raba kula da shi, ta Kano da ta Legas. Jirgin da ya taso daga Turai cikin dare zai tafi kudancin Afirka, idan ya fita daga hannun masu kula na Yamai ya shigo Nijeriya, da Kano zai yi magana, ta ba shi tsayin da zai bi, ta raba shi da sauran jirage, ta miƙa shi gaba. Masu wucewar ba su daina wucewa ba, sauka ce suka daina, kuma ƙasa na karɓar kuɗin ratsa samaniyarta daga gare su.

A 2013 Nijeriya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin domin gina sababbin tashoshin fasinjan waje a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, kamfanin CCECC ya yi aikin. Ta Kano ta fara aiki a 2021, bayan rufewar da annobar korona ta jawo. Gini ne mai kyau, kuma ya rage wahalar da maniyyata da 'yan kasuwa suka daɗe suna sha. Amma gini ba ya kawo jirgi. Kamfani na zuwa ne inda zai cika kujeru ya kuma cika cikin jirgi da kaya, zuwa da dawowa, Kano kuwa jirage na shigo mata da kaya niƙi-niƙi su koma da kaɗan. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro kayan jirgin ruwa ne, hanyarsu ita ce tashar tsandauri ta Dala da layin dogo. Kayan jirgin sama su ne masu tsada ko masu saurin lalacewa: fatar da aka jeme a Challawa, nama, ɗanyen barkono da sauran kayan lambu na Kadawa da Kura. Habasha da Kenya da furanni da kayan lambu suka gina harkar dakon kaya ta sama, kuma kasuwannin Jidda da Dubai ba su fi tafiyar sa'o'i kaɗan daga Kano ba. Abin da ake buƙata sananne ne: ɗakunan sanyi a bakin titin jirgi da wutar da ba ta yankewa, mayanka da ɗakin gwaji waɗanda ƙasashen da za su saya suka amince da takardarsu, da jami'an da za su duba kaya sau ɗaya a wuri ɗaya su sallame shi kafin ya yi yaushi.